Masallacin Ibn Ɗulun na Alƙahira: me ya rage na ainihi, kuma me ya riƙe shi har yau?

Auwalu Zage: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masallacin da ke jikin takardar fam 5 ta Masar shi ne na Ahmad Ibn Ɗulun, wanda ke unguwar Sayyida Zainab a Alƙahira. Ana ta yaɗa hotonsa da rubutun cewa tun shekarar 879 ba a taɓa ko bulo ɗaya a jikinsa ba. Tambayata biyu ce. Shin wannan magana haka take? Sannan me ya riƙe ginin jan bulo sama da shekara 1,100, alhali ginin siminti na yau kafin ya cika talatin ya fara tsagewa?

Malam Habibu Mai Tarihi: Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Maganar rabinta gaskiya ce, rabinta zuƙi ta malle. Bango da yawancin ginshiƙai da tsarin filin na Ibn Ɗulun ne. Amma abu biyun da masu ɗaukar hoto suka fi so, wato ƙubbar tsakiyar fili da hasumiya a siffarta ta yau, an fi danganta su ga gyaran da Lajin, Sarkin Masar na daular Mamluka, ya yi a 1296, bayan mai masallacin ya yi shekara 412 a kabari.

Bari in sa shi a gurbinsa. Ahmad ɗan bawan Baturke ne da aka aiko wa Halifa Ma'amun daga Bukhara. A Samarra ta Iraƙi, mazaunin halifofin Abbasiyawa a lokacin, ya tashi, ya zo Masar a 868 a matsayin wakilin gwamna, kafin a ankara ya zama shi ne wuƙa shi ne nama. A 870 ya kafa sabon gari arewa maso gabas da Fusɗaɗ, tsohon babban birnin Masar, ya kira shi al-Ƙaɗa'i, domin an yanka shi unguwa-unguwa ga rundunoninsa. Tsohon masallacin Juma'a ya yi wa jama'a kaɗan, sai ya fara wannan a 876. Allon marmara na kafuwarsa yana nan manne a jikin wani ginshiƙi, da kwanan wata Ramadan 265, wato 879. Maƙrizi, masanin tarihin Masar, ya ce dinari 120,000 aka kashe. A lura, lokacin babu Alƙahira kanta, sai a 969 aka kafa ta, Azhar kuma aka buɗe a 972. Masallacin ya girmi garin da yake ciki.

A 905 rundunar Abbasiyawa ta ƙwace Masar ta rushe al-Ƙaɗa'i, fada da komai. Masallacin kaɗai aka bari a tsaye.

Injiniya Rabi'atu: Allah ya gafarta Malam, ni zan ɗauki tambaya ta biyu, kuma daga ƙasa zan fara, don a nan yawancin tsofaffin ginin Alƙahira ke mutuwa. Masallacin a kan tudun dutse yake, wanda ake kira Jabal Yashkur. Harsashinsa bai zauna a kan laka ta bakin Nilu ba. Wannan ya raba shi da masifa biyu: nutsewar wani ɓangare ya bar wani, da ruwan ƙasa da ke hawa bango. Ginin baka ba abin da ya tsana kamar ginshiƙi ɗaya ya nutse da ko santimita biyu alhali maƙwabcinsa na tsaye. Nan take tsaga za ta buɗe a ƙoƙon bakan ta ciki, wata kuma a kafaɗunsa ta waje.

Na biyu kayan aiki. Jan bulo ne ƙanana, kimanin santimita 18 tsawo, 8 faɗi, 4 kauri, an ɗora su a kan kwaɓi mai kauri na farar ƙasa. Kwaɓin farar ƙasa ya fi bulo laushi. In gini ya motsa da zafin rana ko girgizar ƙasa, kwaɓin ne ke ɗan sakin jiki a dubban wurare, tsagar ta rarrabu ta zama kamar gashi, maimakon ta taru wuri guda ta raba bango biyu. Siminti ya fi bulo ƙarfi, shi ya sa in an motsa, bulon ne ke fashewa. Masallacin ya ga girgizar 1303 da ta kayar da kawunan hasumiyoyi a Alƙahira, ya ga ta Oktoban 1992, yana nan.

Malam Habibu Mai Tarihi: Abin da Injiniya ta faɗa yana da madogara a ruwaya. An kawo cewa Ibn Ɗulun ya ce yana son ginin da in gari ya ƙone zai tsira, in gari ya nutse zai tsira. Sai aka ba shi shawarar ya yi da farar ƙasa da toka da jan bulo da ya sha wuta sosai, kuma kada ya sa al'amudan marmara domin ba sa jure wuta.

Baba Ilu Magini: Toka kuma? Ku yi mini bayanin aikinta a kwaɓi. Mu a ginin ƙasa abin da muka sani makuba ce da katsi, su ke hana ruwa cin yaɓe.

Injiniya Rabi'atu: Baba, aikinsu ya yi kama amma hanya ta bambanta. Farar ƙasa ita kaɗai da iska take ƙarfi, a hankali, daga waje zuwa ciki. Cikin bango mai kauri sai ta yi shekaru ba ta gama kamawa ba. In an zuba toka mai kyau ko garin jan bulo da aka daka, sai kwaɓin ya iya kamawa ko a cikin laima, kuma ruwa ba ya wanke shi da sauƙi. Magina a Masar sun daɗe suna amfani da tokar murhun gidajen wanka, suna ce mata ƙusurmil.

Game da marmara kuwa maganar daidai take. Marmara ɗan'uwan dutsen farar ƙasa ne. In zafi ya kai wajen digiri 900 sai ya koma farar ƙasa ɗanya, amma tun kafin nan ya riga ya tsattsage ya ɓare. Rufin katako na ci da wuta ya faɗo a kan siririn al'amudi, an gama. Jan bulo kuwa daga wuta ya fito, me za ta ƙara masa?

Nasiru Ɗan Birni: Amma ni abin da na ji shi ne saboda tsoron Allah ya ƙi al'amudai. Wai an ce masa sai guda 300, kuma ba inda za a samo su sai an ciro daga coci-coci, ya ce bai yarda ba. Sai wani Kirista da ke kurkuku ya ce zai gina masa ba tare da su ba.

Akitek Sani: Labarin yana cikin littattafai, Malam Nasiru, har da cewa mutumin ya zana masa fasalin ginin a kan fata. Ba na cewa ƙarya ne, amma bai isa ya zama dalili ba. Mutumin da ya girma a Samarra bai buƙatar wani fursuna ya koya masa ginshiƙin bulo. Iraƙi ƙasar laka ce, dutse ya yi mata ƙaranci, da bulo da farin shafe aka san ta. Masallacin Abu Dulaf da Mutawakkil ya gama a 861, shekara bakwai kafin Ahmad ya taho Masar, bakuna ne a kan ginshiƙan bulo. Filin da ya kewaye masallacin, da hasumiya mai matakala a waje, da salon sassaƙa, duk kayan Samarra ne. Gidansu ya ɗauko ya dasa a Masar.

Ga lissafin ginin, don kowa ya gwada da kansa. Farfajiyar tsakiya kusan murabba'i ce, mita 92 kowane gefe, kuma baka 13 ke kallonta ta kowane gefe. Ginshiƙi kimanin mita 2 da rabi ne a tsawo, mita 1 da kwata a kauri, buɗin baka kuma wajen mita 4 da rabi. Haɗa biyun ka samu mita 7. Sau 13 ya ba ka 91. Ka ga ya faɗa daidai. Ɓangaren alƙibla layi 5 ne, kowane layi baka 17, wato ginshiƙi 16, jimla 80. Ɓangaren da ke fuskantarsa layi 2, ginshiƙi 32. Dama da hagu layi bibbiyu, kowane layi 12, jimla 48. Duka 160.

Masallacin kansa kimanin mita 122 ne da 140. A gefe uku, ban da na alƙibla, akwai wani fili marar rufi mai faɗin kusan mita 19 tsakanin bangon masallaci da katangar waje, shi ake kira ziyada. In an haɗa da shi, wurin ya koma murabba'i mai kusan mita 162, sama da hekta biyu da rabi. Ziyada ba ado ba ce. Ita ke raba mai salla da hayaniyar kasuwa, ita ke ɗaukar ragowar jama'a ran Juma'a, kuma ita ke hana gobarar maƙwabta lasar bango.

Hajiya Binta Malama: Akitek, a hoto ina ganin kamar al'amudai a kusurwoyin kowane ginshiƙi. To ba su ne aka ce babu ba?

Akitek Sani: Hajiya, idonki ya gani daidai, amma na bogi ne. Bulo ne aka zagaye a kusurwa huɗu, aka shafe, aka yi masa kai kamar al'amudi. Ba ya ɗaukar kaya shi kaɗai, jikin ginshiƙin ne. Amfaninsa ya kashe kaifin kusurwa, ya sa ƙaton gini ya yi kamar siriri. Al'amudan marmara na gaske akwai guda huɗu, biyu-biyu a gefen babban mihrabi, kuma tsofaffi ne da aka ciro daga ginin zamanin Rumawa.

Baba Ilu Magini: To ni ga abin da ya ɗaure mini kai. A hotunan Azhar da masallacin Amr bn al-As na Fusɗaɗ ina ganin itace a miƙe daga wannan baka zuwa wancan, ya ɗaure su. A nan ban ga ko ɗaya ba. Me ya hana bakan buɗewa? Don bakan gizo namu, abin da ke riƙe shi azara ce a ciki. Ana jera ta daki-daki, kowane jeri ya ɗan zarce na ƙasa, a ɗaure da igiya, a bar shi ya bushe, a ƙara wani, har ƙafafun biyu su haɗu a sama. Haka Babban Gwani ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu. In ka cire azarar, ƙasa ce kawai za ta zubo.

Injiniya Rabi'atu: Baba, wannan tambaya ita ce zuciyar ginin. Naku bakan yana miƙa hannu ne daga bango, azara na ja, ƙasa na danne ta. Na Ibn Ɗulun ba abin da ke ja a cikinsa. Kowane bulo matse yake da ɗan'uwansa, nauyi na bi ta cikinsu ya sauka. Illarsa ɗaya, yana tura ƙafafunsa waje. Siririn al'amudi ba zai iya tare wannan turi ba, shi ya sa a Azhar aka ɗaure da itace. A nan abu uku suka maye gurbin itacen.

Bakan mai tsini ne, ba rabin da'ira ba. Da cibiya biyu ake zana shi, a kafa ƙusa a dama a ja igiya a zana kafaɗar hagu, a koma hagu a zana ta dama, su haɗu a ƙoƙo. Gwargwadon tsayin baka a kan faɗinsa, gwargwadon raguwar turinsa waje. Sannan a layi, turin wannan baka yana karo da na maƙwabcinsa a kan ginshiƙi ɗaya, su kashe juna, sai na ƙarshen layi kawai bango ke tarewa. Kuma an juya dogon gefen ginshiƙin, mita 2 da rabin nan, ya bi layin, wato ta inda turin ke zuwa.

Akwai kuma ƙaramar taga mai tsini a saman kowane ginshiƙi, tsakanin baka da baka. Wurin nan bulo ne da ba ya aikin komai sai nauyi, sai aka huda shi. An rage kaya, an rage kuɗin bulo, iska da haske sun samu hanya.

Inda wannan tsari ke cin amana shi ne in baka ɗaya ya faɗi. Maƙwabcinsa ya rasa mai tare shi, sai ya bi, layin ya tafi kamar an ja zare. Layin alƙibla da ke kallon farfajiya ya taɓa rushewa a ƙarni na 19, wanda ake gani yanzu sabon gini ne na hukumar kula da kayan tarihi a ƙarni na 20. Wannan ma amsa ce ga masu cewa ba a taɓa bulo ɗaya ba.

Nasiru Ɗan Birni: Ke nan daga nan Turawa suka saci baka mai tsini na manyan cocinsu?

Akitek Sani: A yi hattara da "daga nan". Ba a wannan masallaci aka fara shi ba. Yana cikin rijiyar Ramla ta Falasɗinu ta 789, yana cikin ma'aunin ruwan Nilu na tsibirin Rauda na 861, kafin Ibn Ɗulun ya zo Masar. Abin da za a ce ba tare da jin kunya ba shi ne, wannan na cikin manyan gine-gine na farko da aka yi gaba ɗaya da shi, ɗaruruwan bakuna, kusan shekara 260 kafin cocin San Deni na Faransa. Hanyar da ya bi ya shiga Turai kuwa, masana sun fi kallon Sisili da kudancin Italiya. Gaba da zamani daban, hujjar wane ya koya daga wane daban.

Baba Ilu Magini: Rufin fa? Da me aka yi?

Akitek Sani: Nan kam Baba za ka ga ɗan'uwa. Shimfiɗaɗɗen rufi ne, gungumen dabino aka tsaga aka ɗora, sannan aka lulluɓe kowanne da allunan katako ya fito kamar katako mai kusurwa huɗu. Dabararku ce ta azara, sai dai ku giginya, su dabino, kuma giginya ta fi ƙarfi da jure gara. Rufi shi ne ɓangaren da ya fi mutuwa, mafi yawan wanda ke sama yanzu na gyaran ƙarni na 20 ne.

Ƙarƙashin rufin akwai ɗamarar katakon ɓaure, wanda Misrawa ke kira jummaiz, an sassaƙa ayoyi da rubutun Kufi, harafi ya fito sama da allo. Tsawonta in an haɗa ya kusa kilomita 2. Ana cewa Alƙur'ani ne sukutum, amma waɗanda suka ƙirga haruffa sun ce abin da wurin zai ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin 15 zuwa 17 ba. Masu cewa katakon jirgin Annabi Nuhu ne kuwa, wannan hirar masu rakiyar baƙi ce.

Ustaz Mustafa Falaki: Tunda an taɓo ɓangaren alƙibla, akwai abin da ba a cika faɗa ba. Mihrabin wannan masallaci bai yi daidai da na sauran masallatan garin ba, kuma tun da can an san haka. Maƙrizi ya kawo cewa a zamanin Alƙalin Alƙalai Izzuddin Ibn Jama'a an tara malaman miƙati, masu lissafin lokutan salla da alƙibla, a cikinsa, suka yi ittifaƙi cewa ya karkata kudu da digiri 14.

Ga yadda lissafin yake in an ƙirga daga arewa ana bin hannun agogo. Alƙiblar Sahabbai ta masallacin Amr wajen digiri 117 ce, mafitar rana ta tsakiyar hunturu. Ta masana taurari, wadda Azhar da masallatan bayansa suka bi, 127. Ta Ibn Ɗulun 141. Ka ga 14 ɗin nan tsakanin 127 da 141. Abin dariyar, lissafin yau ya ba Alƙahira kusan 136. Wato wanda aka yi wa taro aka ce ya karkace, da digiri 5 ya kauce, masu gyara masa kuma da 9. Ba hanyar lissafinsu ce ta ɓaci ba, ƙa'idarsu daidai take. Adadin tazarar gabas da yamma tsakanin Makka da Masar da suka gada a jadawali shi ne ba daidai ba, kuma kafin agogo mai inganci auna wannan tazara abu ne mai wuya ƙwarai.

Malam Habibu Mai Tarihi: Madalla da Ustaz. Suka ma tun ranar buɗewa aka fara ta. An ce mutane sun ce mihrabin ya yi ƙanƙanta, babu al'amudai, babu wurin alwala. Wasu ma suka ƙi salla a ciki don ba su san asalin kuɗin ba, sai da ya rantse cewa dukiyar da ya tono ce a kan dutsen Muƙaɗɗam. Alƙali Bakkar bn Ƙutaiba ya yi salla a ciki, Rabi'u bn Sulaiman almajirin Imam Shafi'i ya karantar da hadisin wanda ya gina wa Allah masallaci. Wurin alwala a bayan masallaci ya sa shi, da gangan, don ƙazanta ta yi nisa. Kusa da shi aka ajiye ɗakin magunguna, da likita da ke zama ran Juma'a saboda wanda ciwo zai kama a cikin taro.

Abin da ke tsakiyar fili a zamaninsa maɓuɓɓuga ce ta ado, ƙarƙashin ƙubba mai ruwan zinariya a kan al'amudan marmara. Ta ƙone a 986. Ku duba fa, abu guda da aka ɗora a kan marmara, shi wuta ta ci. Halifa Aziz ya sake wata, sannan Lajin ya gina ta yanzu, wadda ke da kwarmin ruwa mai kusurwa takwas da ayar alwala a rubuce ta ciki.

Auwalu Zage: Malam, me ya haɗa Lajin da masallacin da ba nasa ba har ya kashe masa wannan kuɗi?

Malam Habibu Mai Tarihi: Bakance ne. Bayan rushewar al-Ƙaɗa'i unguwar ta mutu a hankali. Matafiyi Ibn Jubair da ya zo a 1183 ya tarar Salahuddin ya bar wa baƙi Magaribawa wurin suna kwana suna karatu. Daga baya ya zama zangon ayarin alhazai da raƙumansu. A 1293 Lajin na cikin waɗanda suka kashe Sarki Ashraf Khalil, ya gudu ya ɓuya a wannan kango. Ya yi alkawarin in Allah ya fid da shi zai raya shi. Ya hau mulki a 1296 ya cika, da kimanin dinari 20,000. Ya sa darussan mazhabobi huɗu da tafsiri da hadisi da likitanci, ya yi musu waƙafi. Mumbari nasa ne, ƙubbar katako da ke saman mihrabi tasa ce, haka adon gilashi mai kalmar shahada a cikin mihrabin. Shi kansa a 1299 aka kashe shi.

Kafin shi ma Faɗimiyawa sun sa hannu. Mihrabi shida ne a masallacin. Mafi kyawun sassaƙa a cikin ƙananan shi ne na waziri Afdal, na wajen 1094, a jikin ginshiƙi, da sunan Halifa Mustansir.

Akitek Sani: Hasumiyar ce ban yarda a ba Lajin ita kai tsaye ba, Malam. Hujjar masu ba shi na sani. Ita da dutse aka yi ta, masallaci da bulo. Gadar da ta haɗa ta da rufin masallaci ta zo ta toshe taga, wanda ya tsara bangon ba zai yi haka ba. Bakunan jikinta masu siffar kofaton doki ne irin na Andalus, kuma a ƙarni na 13 Alƙahira ta cika da Andalusawan da suka gudo. Wannan ra'ayin Creswell ne, Baturen nan masanin gine-ginen Musulunci. To amma matafiyi Muƙaddasi, wanda ya rubuta a wajen 985, ya ce hasumiyar ta dutse ce kuma matakalarta a waje take. Sama da shekara 300 kafin gyaran Lajin ke nan. Don haka dutse shi kaɗai ba hujja ba ne.

Malam Habibu Mai Tarihi: Na karɓi gyara a kan dutse. Amma Muƙaddasi ya kuma ce ƙarama ce, wannan kuwa ta kai mita 40. Kan nata mai kama da kaskon turare ba mai musun na Mamluka ne. Kuma ta Samarra, mai mita 52, zagayayya ce tun daga ƙasa, hanya na nannaɗe ta kamar katantanwa. Wannan gindinta murabba'i ne, sai zagayayyen hawa, sai mai kusurwa takwas. Abin da na tsaya a kai shi ne, tunanin matakala a waje na Ibn Ɗulun ne, jikin da muke gani ya sha hannun ƙarni na 13.

Akwai wani labari da matafiyi Nasiri Khusrau ya ji a 1047, wai jikokin Ibn Ɗulun sun sayar wa Halifa Hakim masallacin a kan dinari 30,000, sannan suka dawo suka fara rushe hasumiya, suka ce ai ba ta cikin ciniki. Sai da ya ƙara 5,000. Ko dillalan filaye na yau sai haka.

Hajiya Binta Malama: Allah ya kyauta. Injiniya, in irin wannan gini ya fara lalacewa, ta ina ake kama gyaransa? Na ga ana cewa siminti haramun ne a wurin.

Injiniya Rabi'atu: Hajiya, ba a fara taɓa bango sai an gano inda ruwa ke shigowa, ko rufi, ko indararo da ya toshe, ko bututun unguwa da ke yoyo a ƙasa. Alƙahira ba ta da ruwan sama sosai, bututu da magudana su ne abokan gaba. Ruwa na hawa cikin bulo ɗauke da gishiri, ya bushe a fuskar bango, gishirin ya ƙanƙare ya kumbura ya ɓare shafe. Alamarsa farin gari kamar kanwa da layin laima daga ƙasa zuwa wajen mita ɗaya ko ɗaya da rabi. In aka shafe wurin da siminti, ruwan bai daina hawa ba, ƙofar fita aka rufe masa. Sai ya haura sama da simintin ya fito a inda sassaƙa take, ko ya ci bulo ta ciki har ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo. Simintin kansa ma yana kawo nasa gishirin.

Hanyar da ta dace, a kankare simintin da hannu, ba da inji ba. A bar bango ya sha iska watanni. A manna masa laka mai tsotso ko ɓawon takarda da aka jiƙa da ruwa marar gishiri, in ya bushe a ɓare, a maimaita har gwaji ya nuna gishirin ya ragu. Farar ƙasar da za a yi aiki da ita a jiƙa ta a rami aƙalla wata uku, don ɗan ƙullutun da bai jiƙu ba zai kumbura a cikin bango daga baya ya tofar da shafe. Kwaɓi awo 1 na farar ƙasa, 2 da rabi zuwa 3 na yashi mai kaifi da aka wanke. A jiƙa bango kafin a shafa, kowane shafi kada ya wuce santimita 1 zuwa 1 da rabi, a rufe da buhu mai laima kwanaki. In rana ta busar da shi da wuri, zai yi fari ya yi kyau a ido, ka murza da yatsa ya zube.

Sassaƙar kuma ba farar ƙasa ba ce, jibsi ne, dangin garin da masu silin ke kira POP. Shi da ɗan zafi ake gasa shi, wajen digiri 150, kuma cikin minti 10 zuwa 20 ya kama, don haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa. Yana da daɗin yanka da wuƙa, amma ruwa na narkar da shi, kusan giram 2 a kowace lita. Yoyon shekara goma ya isa ya shafe fuskar ganyen inabin da aka sassaƙa. Shi ya sa wadda ta fi tsira ita ce ta ƙarƙashin bakuna, inda ruwa ba ya kaiwa.

Auwalu Zage: To tagogin fa? An ce 128 ne kuma babu biyu masu zane iri ɗaya. Su ma na 879 ne?

Akitek Sani: Ramukan tagogin na 879 ne, ragar jibsin da ke cikinsu kuwa uku ko huɗu kawai ake ɗauka na ainihi, kuma a bangon alƙibla suke. Gane su ba wuya. Na ainihi da kamfas aka zana su, da'ira ce ke shiga cikin da'ira, babu miƙaƙƙen layi da ke jan ragamar zanen, irin na tagogin marmara na masallacin Dimashƙa. In ka ga taurari masu tsini da layuka miƙaƙƙu da siffa mai kusurwa shida, wannan hannun baya ne, yawanci zamanin Lajin ko masu gyara na kusa.

Haka mumbarin. Firam ɗin na 1296 ne, amma a ƙarni na 19, lokacin da aka mayar da masallacin gidan gajiyayyu aka toshe bakuna da bango aka yi ɗakuna, an ɓalle ƙananan allunansa masu sassaƙa an sayar. Da yawa suna gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, wasu a wasu biranen Turai. Da aka zo haɗa shi a farkon ƙarni na 20, waɗanda aka samo aka mayar, sauran gurabun aka sassaƙa sababbi. In ka matsa kusa, tsohon allo sassaƙarsa ta fi zurfi, hawa biyu ce, reshe na bi ta ƙarƙashin reshe, kuma bakinta ya lashe saboda hannu da shekaru.

Baba Ilu Magini: Akitek, a turo mana hoton ƙarƙashin bakan nan kusa-kusa, da na rawanin katanga. Zankwayen nasu kamar mutane ne suka jeru riƙe da hannun juna, ina son in ga yadda aka ɗaure bulon a wuyansu, don a nan irin wannan ke karyewa.